Tambayar Masu Karatu: Ya dace in sauke iyayena a tsohon gidan masaƙa a Hebden Bridge?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a birnin Bradford da ke Ingila, kuma iyayena za su zo mini ziyara daga Zariya a watan Yuni in Allah ya yarda. Ina so in fitar da su daga hayaniyar birni na kwana huɗu, sai na ga wani gidan hutu na haya a garin Hebden Bridge, wanda aka ce tsohon gidan masaƙa ne da ya haura shekara 200. Alhaji malamin makaranta ne mai ritaya, yana da son tarihi ƙwarai, amma Hajiya tana fama da ciwon gwiwa. Shin irin wannan gida zai dace da su, ko kuwa in nemi otal kawai? Daga wata mai karatu, Bradford.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan niyya, ya kawo su Alhaji da Hajiya lafiya. Amsata a taƙaice ita ce garin ya dace da su, kuma tsohon gida ya fi otal armashi ga mutum irin Alhaji, amma kada ki biya ko kwabo sai kin tabbatar gidan da kika gani zai karɓi gwiwar Hajiya, domin ita ce za ta yanke hukunci a wannan tafiya.

Hebden Bridge ƙaramin gari ne mai kasuwa a cikin kwarin kogin Calder, a yammacin yankin Yorkshire, kuma jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Bradford da Manchesta yana tsayawa a tasharsa, don haka ba sai kin ɗauki mota ba. Sunansa ya samo asali ne daga wata tsohuwar gadar dutse da aka gina wajen shekarar 1510 domin dawakan fatake masu ɗauke da yadi, kuma har yau gadar tana tsakiyar gari ana bi ta kanta da ƙafa. Da farko mutanen yankin a gidajensu na kan tudu suke saƙa da hannu, daga baya masana'antu suka sauko cikin kwari suna amfani da ƙarfin ruwa, aka kuma buɗe hanyar jiragen ruwa ta Rochdale a 1804. Garin ya yi suna wajen ɗinka wanduna na yadin auduga mai kauri, har aka yi masa laƙabi da garin wando. Da masana'antun suka durƙushe bayan tsakiyar ƙarni na 20, gidaje suka yi arha, sai masu zane da marubuta da makaɗa da maginan tukwane suka riƙa ƙaura zuwa can a shekarun 1970. Wannan ne dalilin da ya sa yau za ki tarar da ƙananan shagunan littattafai da ɗakunan baje kolin zane a gine-ginen da a da injuna ke ruri a cikinsu.

Gidan masaƙa na asali ana gane shi da jerin tagogi masu ginshiƙan dutse a saman bene, domin a can masaƙi yake kafa kayan aikinsa, yana neman duk wani haske da rana za ta ba shi a ƙasar da gajimare ya yi wa yawa. Na tabbata Alhaji zai daɗe a tsaye gaban waɗannan tagogi. Sai dai gidan an gina shi ne domin masu aikin ƙarfi, shi ya sa matakalarsa take da tsayi da ƙunci, wani lokaci a murɗe, ƙofofinsa kuma gajeru ne, kuma a mafi yawan lokuta banɗaki da ɗakunan kwana duk a sama suke. Akwai ma wani salon gini da garin ya shahara da shi saboda gangaren ƙasa, inda ake ɗora gida a kan gida: na sama ƙofarsa tana fuskantar titin tudu, na ƙasa kuma tana fuskantar titin gangare, bayansa a manne da jikin tudu. Irin wannan na ƙasan yakan riƙe danshi da sanyi, abin da bai dace da mai ciwon gaɓoɓi ba.

Kada ki yi tsammanin mai gidan zai iya gyara waɗannan abubuwa yadda ya ga dama. A Ingila akwai kundin gine-ginen tarihi da hukumar Historic England ke kula da shi, mai darajoji uku, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na gine-ginen suna a daraja mafi ƙanƙanta, wadda galibin irin waɗannan gidaje ke ciki. Duk ginin da ya shiga kundin, laifi ne a sauya masa kama ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba, ko da taga ce ko matakala. Ni a ganina doka ce mai kyau, domin ba don ita ba da da yawa daga cikin gidajen sun zama tarihi a baki kawai, amma tana nufin baƙo ne zai bi halin gida.

Saboda haka ki rubuta wa mai gidan ki tambaye shi dalla-dalla, kuma ki nemi amsa a rubuce. Ki tambayi adadin matakalu daga titi zuwa ƙofa, da adadinsu daga falo zuwa ɗakin kwana, da ko akwai abin riƙewa a gefe. Ki tambaya ko akwai banɗaki a hawan ƙasa, domin mai yin alwala sau biyar a rana za ta hau ta sauka fiye da yadda mai gidan ya taɓa lissafawa. Ki tambaya ko wurin wankan na tsaye ne ko baho ne da sai an ɗaga ƙafa an tsallaka. Hotunan talla ba sa nuna gangaren titi, don haka ki buɗe taswirar intanet ki duba unguwar, ko ma ki hau jirgi ranar hutunki ki taka da ƙafarki, tunda tafiyar ba ta kai awa guda ba. Idan kin sami gida a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kusa da tsakiyar gari ya fi sauƙi, kodayake yana da kyau ki san cewa wannan sashen ne ambaliya ta mamaye a ranar 26 ga Disamba, 2015, ta sake taɓa shi a Fabrairun 2020. Ki kuma duba kada gidan ya kasance daura da mashaya, saboda hayaniyar daren Juma'a da Asabar.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da suka shafi rayuwarmu. Ki tafi da buta da darduma, ki kuma ja hankalin iyayen cewa daɓen banɗakin saman bene na katako ne, ba shi da magudana kamar namu na gida, ruwan da ya zuba a ƙasa yana iya ratsawa ya ɓata rufin ɗakin da ke ƙasa, a cire miki kuɗin gyara. Turaren wuta kuwa a bar shi a Bradford, domin na'urar gano hayaƙi za ta yi ƙara, kuma masu irin waɗannan gidaje suna tsoron gobara matuƙa saboda tsoffin katakan rufi. Gidajen hutu da yawa suna karɓar baƙi masu karnuka, don haka ki nemi wanda ba a shiga da dabba. Girki a hannunku yake, ki sayo naman halal daga Bradford, ki wanke tukwanen gidan sosai ko ki zo da naki. Alƙibla tana kudu maso gabas, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, asuba kuma tana yi da wuri ƙwarai, abin da ya kamata ki shirya wa iyayen tun kafin su iso. Idan Juma'a ta riske ku a can, akwai masallatai a Halifax, 'yan mintoci kaɗan a jirgi. Yorkshire tana iya yin sanyi da yayyafi ko a watan Yuni, musamman ga wanda ya baro zafin Zariya, don haka ki tambayi yadda ake kunna na'urar ɗumama gida, ki kuma tanadar musu rigunan sanyi.

Game da yawo, bakin hanyar jiragen ruwa shimfiɗaɗɗe ne, Hajiya za ta iya takawa a hankali tana hutawa. Ƙauyen Heptonstall da ke saman tudu, inda tsoffin gidajen masaƙa suka fi yawa, ya cancanci ziyara, amma ku hau bas ko tasi, kada ku bi tsohuwar hanyar duwatsun da ta miƙe daga gari, domin ko matasa tana sa su haki. Alhaji kuma ki kai shi Piece Hall a Halifax, babbar farfajiyar da aka buɗe a 1779 mai ɗakuna sama da 300, inda a da masaƙan hannu suke kawo yadinsu su sayar. Mutumin da ya san yadda kasuwar Kurmi ta tara masaƙa da marina da fatake zai fahimci wurin tun kafin a yi masa bayani.

Idan amsoshin mai gidan suka nuna matakalun sun yi yawa, kada ki fasa tafiyar. A garin da kewayensa akwai tsoffin masana'antu da rumbuna da aka mayar masaukai, wasunsu da ɗakin kwana a hawan ƙasa, su ma gine-ginen tarihi ne na dutse. Ki fara nema tun yanzu, domin gidajen da ke da sauƙin shiga su ne suke fara cika a lokacin bazara.