Amsar Kawu a kan maganar abokin ɗakinka

Assalamu alaikum, ɗana Nasiru. Ya karatu, ya sanyin Ingila? Saƙonka ya same ni, na kuma jinkirta amsa da gangan don kada in amsa maka da zafin kai. Ka ce yaron da kuke ɗaki ɗaya ya gaya maka shi bai yarda akwai Allah ba, har ya ƙara da cewa duk mai wayayyen kai a nan yake ƙarewa. Kana tambaya ko shi ne arnen da ake faɗa a gida, ko ya halatta ku ci tare, da kuma abin da zai hana irinsa cin amana tunda ba ya tsoron hisabi.

Bari mu fara gyara suna. Ba arne ba ne a ma'anar da kakanninmu suka sani. Ina yaro na sha bin kakanka ƙauyukan Maguzawa lokacin awon gyaɗa, kuma ban taɓa jin Bamaguje ya ce babu Allah ba. Sun yarda Shi ya halicci sama da ƙasa, sai dai suna ganin ya yi nisa, don haka suke yanka wa iskoki, su Kure da Doguwa, idan cuta ta zo ko damina ta ƙi. Abokinka kuwa Mahaliccin ne gaba ɗaya ya ce babu. Malamai na kiran irinsa mulhidi, kuma ba Turai ta fara haifarsu ba. A Suratul Jasiya, aya ta 24, an ambaci masu cewa ba komai sai rayuwar duniya, a mutu a rayu, zamani kaɗai ke hallaka mutum. Daga kalmar zamanin, dahar, aka samo sunan Dahriyya.

Su ma ba ƙwarya ɗaya ba ce. Akwai mai buga ƙirji ya ce babu, akwai mai cewa shi dai bai ga hujjar da ta gamsar da shi ba, akwai kuma wanda bai ma taɓa zama ya yi tunanin ba, ya tashi ne a gidan da ba a maganar. Ka tambaye shi wanne ne a ciki kafin ka ɗaura ɗamarar musu.

Maganar wayewar kai ita ce ta ɗan sosa min rai. Wanda ya ce duk mai tunani dole ya sauka a inda shi ya sauka, ai ya rufe ƙofa ke nan, ya jefa makullin rijiya. Mu ma muna da irinsu, masu hantarar yaro da zarar ya ce me ya sa. Na koyar a makaranta shekaru da dama, na ga yadda hantara ke mayar da tambaya ciki ta ruɓe. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi da kansa ya rubuta cewa ya yi kusan wata biyu cikin ciwon shakka, ba ya amincewa da abin da idonsa ya gani, kuma a 1095 ya ajiye kujerar koyarwa ta Nizamiyya a Bagadaza ya fita neman yaƙini. Ya karanta littattafan masu falsafa har ya iya faɗin hujjarsu yadda su kansu za su yarda, sannan ya yi musu raddi. A wurina wannan shi ne wayayye. Ka auna abokinka da wannan mudu: zai iya faɗin abin da ka yi imani da shi ba tare da ya karkace shi ba? Kai ma ka auna kanka da shi, kada ka yi son kai.

Batun amana kuwa, ga abin da idona ya gani. Akwai wani tsoho Bamaguje da kakanka ke bar wa kuɗin awo da buhuna, wani lokaci har mako biyu, ba takarda ba shaida, kuma ko kwabo bai taɓa ciwo ba. Wanda ya gudu mana da kuɗi shekara guda, sahun farko yake tsayawa a masallaci. Ban faɗi haka don in rage darajar salla ba, Allah ya kiyaye. Amma Bahaushe da ya ce mutumin kirki, gaskiya yake nufi da amana da kunya da haƙuri da karamci, kuma a mu'amala ake ganinsu. Lokacin hijira, wanda ya yi wa Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar jagora, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, yana kan addinin Ƙuraishawa, amma an danƙa masa raƙuma da sirrin tafiya, bai kuwa tona ba.

Inda ni da abokinka za mu yi sa-in-sa shi ne tushen kirkin. Shi zai ce tausayi da hankali da zaman tare sun isa. Ni ina ganin suna riƙe mutum da rana, amma ranar da ba mai gani kuma riba ta yi yawa, na fi natsuwa da wanda ya san ana ganinsa. Duk da haka ba zan ce wa mutum ɓarawo ba alhali bai yi sata ba.

Cin abinci tare ba laifi. Duba Suratul Mumtahana, aya ta 8: ba a hana mu kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba. Ka dai lura da naman da ke tukunya da abin da ke kofi, ka yi sallarka a kan lokaci ba ɓoye-ɓoye. Idan hira ta koma izgili ga abin da kake girmamawa, ka gaya masa sau ɗaya cikin ladabi, in ya maimaita ka tashi. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, saboda haka tambayar da ta fi ƙarfinka kada ka kwana da ita kai kaɗai, aiko min, in ta fi ni mu kai wa malam.

Mahaifiyarka ta ce kilishi da yajin da ta aika sun kusa isowa. Ka ɗiba masa, ka faɗa masa ya tanadi ruwa kusa.

Kawunka.