An rubuta a karne cewa jininta ba ya karɓar penisilin

Tambaya daga wata mai karatu a Tawa: Likita, an kwantar da mahaifiyata a wani asibiti a Yamai saboda ciwon huhu. A karnenta, wato littafinta na asibiti, an rubuta cewa jininta ba ya karɓar penisilin, domin ta taɓa yin ƙuraje bayan allura tun tana budurwa. Yanzu likitanta yana so ya gwada ta da amoksisilin, wanda dangin penisilin ne. Babu haɗari?

Amsa: Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya. Shawarar likitan tana kan hanya, muddin ya binciki tarihin ƙurajen kuma a gabansa za a yi gwajin.

Kusan mutum 1 cikin 10 yana cewa penisilin ba ya karɓarsa, amma idan aka gwada su, fiye da 9 cikin 10 suna shan sa lafiya lau. Sau da yawa cutar da ake jinya ce ta fito da ƙurajen, musamman ga yara masu zazzaɓin ƙwayar birus, sai a ɗora wa magani laifi. Wasu kuma gudawa ko tashin zuciya suka yi, wanda illar magani ce kawai. Har masu alerji na gaskiya, wato waɗanda jininsu ba ya karɓar maganin, kusan kashi 80 cikin 100 yana barin su bayan shekara 10.

Irin wannan rubutu a karne yana da tsada, domin yana tilasta wa likita komawa ga magunguna irin su siprofuloksasin ko bankomisin, waɗanda sau da yawa sun fi kuɗi da illa, suna kuma taimaka wa ƙwayoyin cuta su bijire wa magani. Mai juna biyu da ta kamu da tunjere kuwa, allurar penisilin ce kaɗai aka tabbatar tana kare ɗan cikinta.

Abin da ya kamata ku tambayi Hajiya da ƴan uwanta shi ne yadda abin ya faru. Idan cikin awa guda leɓɓanta ko maƙogwaronta suka kumbura, numfashi ya sarƙe, ko ta suma, to sai ƙwararren likitan alerji ya fara gwajin fata. Idan fatarta ta saluɓe kamar ƙuna, baki da idanu suka yi gyambo, ba a sake ba ta maganin har abada. Idan ƴan ƙuraje ne da suka wuce da kansu, ana ba ta amoksisilin a sa mata ido na kimanin awa guda, da allurar adirenalin, maganin gaggawa na alerji mai tsanani, a kusa.

Kada ku saya wajen masu tallar magani ku gwada a gida. In ta sha lafiya, ku nemi likitan ya soke tsohon rubutun a karnen, ya sa kwanan wata, ya sa hannu.