Haɓo bayan fara maganin daji: mu ajiye wafarin?

Tambaya: Likita, mahaifina ya shekara 6 yana shan wafarin, maganin tsinka jini, saboda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Watan jiya aka gano yana da dajin hanji, aka ɗora shi kan ƙwayar Xeloda. Yau kwana uku yana haɓo, dasashinsa ma jini yake in ya wanke baki. Yayana ya ce mu ajiye wafarin ɗin kawai. Mu ajiye?
— Wata mai karatu

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar uwa, yau ɗin nan ku kai shi asibiti a yi masa gwajin INR, wato gwajin da ke auna tsinkewar jini, kada ku jira ranar komawarsa.

Hanta ce ke narkar da wafarin ta fitar da shi daga jiki. Xeloda kuwa kashe wa hantar gwiwa take yi a wannan aikin, sai wafarin ya taru. Ƙwayar da ta yi wa Baba daidai shekara 6 yanzu ta yi masa yawa, ko da bai ƙara ko rabi ba. Ga mai irin ciwonsa, INR tsakanin 2 da 3 ake so. Da ya haura, sai jini ya ƙi tsayawa. Wannan kan faru cikin kwanaki, ko bayan watanni, kai har bayan an daina Xeloda ɗin. Tamoksifen na dajin nono ma haka yake yi. Xtandi na dajin mafitsarar maza (prostate) shi kuma akasin haka: rage ƙarfin wafarin da sauran magungunan tsinka jini irin su Eliquis da Xarelto yake yi, jini ya koma daskarewa.

Yayanki bai yi nisa da gaskiya ba, domin likita ma zai iya dakatar da wafarin na 'yan kwanaki. Sai dai da sakamakon gwaji a hannu ake yanke wannan. Daji kansa yana sa jini ya yi guda, kuma gudan jini a irin zuciyar Baba shanyewar ɓarin jiki yake haifarwa. Da ni ce, zan tambayi likitan daji ko za a mayar da shi kan allurar heparin ta ƙarƙashin fata, ita ma mai tsinka jini, wadda ba ta rigima da Xeloda. Ku tafi da kwalayen magungunansa duka. Sau da yawa likitan zuciya bai ma san abin da na daji ya rubuta ba.

Kada ya sha asfirin, ibuprofen ko diklofenak. In kun ga bayan gida baƙi kamar kwalta, aman jini, ko ciwon kai mai tsanani da ruɗewa, sashen gaggawa za ku nufa, ko da tsakar dare ne.