Amsar Kawu a Kan Kayan Angonci

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso ni daren Talata, kuma da gangan na bar shi ya kwana biyu, domin tambayarka ba irin wadda ake amsawa a tsaye ba ce. Ka ce abokan aikinka na Abuja sun tsara maka kayan ranar ɗaurin aure: shadda Getzner yadi goma wadda wani tela da ya yi suna zai ɗinka, da takalmin Gucci, da agogon da kai da bakinka ka ce ya kusa cinye albashinka na wata uku. Sannan ka tambaya ko al'adarmu ta Katsinawa ta ɗora wa ango irin wannan, ko kuwa duk tufa mai tsada almubazzaranci ne, kamar yadda mahaifiyarka take faɗa.

Zan fara da abin da ba zai yi wa yayata daɗi ba. Kakanninmu ba su ƙi tufa mai tsada ba, su ne ma suka ce araha ba ta ado. Kakanka, Allah ya jiƙansa, yana da wata riga ta saƙi wadda har yau idan na rufe ido ina ganinta. An haɗa ta ne da siraran ƙyallaye saƙar hannu, waɗanda faɗin kowanne bai kai tafin hannu ba, aka yi mata aikin aska takwas da zaren tsamiya tun daga wuya har ƙasan aljihu, kuma malamin da ya yi aikin ya shafe watanni yana zaune a zaure da allura. Tana da nauyin da idan aka ce in ɗauko ta, ina yaro, sai na rungume ta da hannu biyu. A cikin adaka take kwana, naɗe a wani tsohon zane, kuma idan aka buɗe, ƙamshin baba da na turaren wuta ne suke fara fitowa. Ba ta wuce fita huɗu ko biyar a shekara: ƙaramar Salla, babbar Salla, Mauludi, sai kuma ɗaurin auren wani na jiki. Ya fi shekara talatin yana sa ta, da ya rasu kuma aka yi mata kuɗi aka sa ta cikin lissafin gado tare da gona da dabbobi.

Wannan shi ne abin da nake so ka lura da shi. A wancan zamani riga dukiya ce da ake ajiyewa. Ana jinginar da ita idan rana ta ɓaci, ana sayar da ita a sayi hatsi, basarake yana tuɓe ta ya ba maroƙi a yi ta labarin kyautar shekara da shekaru. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa ta Katsina a 1851 kan hanyarsa ta zuwa Kano, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar nan suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Tsadar kuma ba a ɓoye take ba. Kowa yana iya kama bakin rigar ya ga ƙarfin saƙar, ya ƙirga aikin, ya san abin da aka biya.

Haka kuma kowace tufa tana da mai ita. Alkyabba ta sarki ce da wanda sarki ya yafa wa, rawani yana da masu naɗa shi da yadda kowa yake naɗa nasa, kuma idan ka tsaya a Ƙofar Soro ranar hawan Salla za ka iya gane matsayin mutum tun bai sauko daga doki ba. Saurayin da ya shigo taro da shigar da ta fi ƙarfinsa ba yabo yake samu ba, tambaya ake yi a gefe, ɗan wane ne, kuma a ina ya samo. Game da ango kuwa, bari in ba ka dariya: a zamaninmu sau da yawa ba ya ma zuwa wurin ɗaurin auren. Wakilinsa ne yake karɓa masa, shi yana can ɓoye a gidan aboki saboda kunya, sai an watse a je a yi masa albishir. Saboda haka duk wanda ya ce maka al'ada ce ta wajabta wa ango takalmin Italiya, ka ce masa kawunka yana son ya ji a wace unguwa aka yi wannan al'adar. Ankon da abokan ango suke yi yanzu ma daga kudu muka aro shi.

Yanzu in koma kan shaddar, domin a nan ne nake ganin abokanka suna da ɗan gaskiya. Getzner kamfani ne na ƙasar Ostiriya, a wani gari da ake kira Bludenz, kuma tun 1818 yake sana'ar tufafi. Ba gadonmu ba ce, karɓarta muka yi har ta zama tamu, a daidai lokacin da saƙar hannu take ja da baya. Ni na ga zamanin da masaƙun Kaduna, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, suke cin audugar da ake nomawa a Funtuwa da Malumfashi, na kuma ga lokacin da akasarinsu suka rufe ƙofa. Abin da ya biyo baya shi ne, duk yadin kirki da kuɗin waje ake shigo da shi, shi ya sa tun da aka saki naira a 2023 aka bar wa kasuwa ta yanke darajarta, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo, kuɗin shadda ya bi ta. Duk da haka, shadda ta gaske auduga ce mai kyau da aka matse saƙarta. Tana shan iska a zafin bazarar Katsina, lokacin da ma'auni yake wuce 40, tana jure wanki, kuma idan aka kai wa masu bugu suka shimfiɗa ta a kan itace suka yi mata luguden nan nasu, ƙyallinta yana dawowa. Mai irin wannan ya biya kuɗin abin da zai mora shekara goma, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Matsalar ita ce suna yana da sauƙin bugawa a bakin yadi. Ni kaina an taɓa yi mini. Shekarar da na fara ɗaukar albashi, ana saura mako uku Salla, na karɓi yadi goma bashi a wurin wani ɗan kasuwa da ya rantse mini cewa ba a shigo da irinsa garin nan ba. Na je Idi ina jin kaina, amma kafin a idar da huɗuba gumi ya jiƙa ni sharkaf, rigar ta manne mini a baya kamar leda. Wanki ɗaya aka yi mata ta koma kamar labule, ni kuwa na yi wata huɗu ina biya. Kakanka bai yi mini faɗa ba. Zare ɗaya ya zaro daga bakin wandon, ya ƙyasta ashana ya kusanta, sai zaren ya narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Ya ce da auduga ce da ta ci wuta ta zama toka mai laushi, ya miƙo mini wandona ya ci gaba da lazimi. Har yau da wannan gwajin nake sayen yadi, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Takalmin da agogon kuwa, a nan na rabu da abokanka gaba ɗaya. Ban ce na asalin ba su da inganci ba, amma babban kaso na kuɗinsu na suna ne da talla da hayar manyan kantuna a Turai, ba na fata da ɗinki ba. Abin takaicin ma, fatun awakinmu, irin jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, ana jeme su a Kano a fitar da su zuwa Italiya, ta yiwu abin da za ka saya da albashin wata guda daga garken maƙwabtanmu ya tashi. Sannan masu wannan tambari da suka cika kasuwanninmu galibinsu jabu ne. Idan ka sayi na jabu, wanda ya san abin zai gane, ka ji kunya a gaban wanda ka so ka burge. Idan ka sayi na gaske, dattawan da za su shaida aurenka ba su san shi ba, balle su girmama ka saboda shi. Kuma ka manta a masallaci za a ɗaura auren? A bakin ƙofa za ka tuɓe shi cikin ɗaruruwan takalma da ƙura, ka shiga kana sauraron siga rabin hankalinka yana waje.

Ta fuskar addini ba sai na tsawaita ba, ka yi karatu. Ka san an ce Allah mai kyau ne kuma yana son kyau, an kwaɗaitar da mu sa fararen kaya, an haramta wa maza alhariri da zinare, an kuma yi gargaɗi a kan tufar da ake sawa don a yi suna. Agogon nan dai ka bincika ko akwai zinare a jikinsa kafin a kai ga maganar kuɗinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne wata kalma da ka saka a ƙarshen saƙonka, cewa za ka cike gibin da rance daga wurin aiki. Ga lefe a gabanka, ga sadaki, ga kuɗin haya a garin da ake biyan shekara guda a dunƙule, ga yarinyar mutane da za a kawo maka wadda tukunyarta ba ta san angonci ya wuce ba. Rigar aro ba ta rufe katara, kuma rigar bashi ƙanwarta ce. Na ga samari a garin nan da suka yi shigar da aka yi mako ana zancenta, bayan wata biyu suna sauya hanya don kada su haɗu da mai yadi.

Ga abin da nake ganin ya dace da kai. Idan kana da kuɗin shadda ta gaske a hannu, ba tare da ka ranci ko sisi ba, ka sayi fara guda ɗaya, yadi goma, a yi maka babbar riga da 'yar ciki da wando, da aiki madaidaici wanda ba za ka ji nauyin sa shi ba idan ka kai shekara arba'in. Kada ka kai ta wurin telan da rabin kuɗinsa na sunansa ne. Akwai dattijon da yake mini ɗinki fiye da shekara ashirin a nan cikin gari, ya san yadda ake yanka riga ta zauna a kafaɗa, sai dai a ba shi lokaci, don ba ya son gaggawa. Ka ƙara kuɗi a kan hula, ka sami zanna bukar aikin hannu, domin ita ido yake fara sauka a kai, kuma idan ana kai ta wurin masu wankin hula za ta daɗe. Takalmi a yi maka na fata a wurin dukawa, daidai ƙafarka. Agogon da kake ɗaurawa yanzu ai yana nuna lokaci.

Idan za ka shigo ƙarshen wata, ka zo da yadin kafin a sa masa almakashi, ka kuma gaya wa mai kantin cewa da sharaɗin dawowa ka saya. Ashana tana nan a kan tagar zaure. Ka gaishe mini da abokan naka, ka ce ina gayyatarsu tuwo ranar walima, kowa ya zo da takalmin da ba zai yi kuka ba idan ya ɓata.

Kawunka, daga Katsina.