Kan al'adar nan ta masu Java da ka tambaya

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya, ba a kawo wuta ba ne waya ta mutu. Kace malaminku ya hana ku kiran aikin da ajin ɗa zai iya sake rubutawa daga cikin konstiraktan ajin uba, wato aikin da ke shirya sabon abu in an ƙirƙire shi, kana tambaya ko camfin tsofaffi ne kawai. To ba camfi bane, buɗe baitkod, wato umarnin da injin Java ke bi bayan an fassara abin da ka rubuta, ka gani da idonka.

Injin Java tun da kamfanin Sun ya fito da shi a 1995 da tari yake aiki, kamar kwanukan da mamanka ke jerawa ɗaya kan ɗaya, na sama ake fara ɗauka. In ka rubuta new, wuri kawai ake yanka wa sabon abun da kake ƙirƙira daga ajin a ƙwaƙwalwar kwamfuta, duk gurabensa sifili ne ko null, ba a zuba komai ba tukuna.

Yi ɗan ƙaramin aji ka sa int kudi = 10 a ciki, ka haɗa shi da kompaila, mai mai da shi baitkod, sai ka buga javap -c ya nuna maka baitkod ɗin. Za ka ga aload_0, wato an ɗora abun kansa a tari, sai invokespecial ya tafi wurin konstiraktan uba, sai uban ya gama nasa kaf ya dawo sannan a sake aload_0, bipush 10 ya ɗora goman a tari, sai putfield, shi putfield ɗin ne ke kwashe biyun daga tari ya zuba goman a gurbinta. Kaga kenan kamar a gida, babba ke fara sa hannu a kwano.

To yanzu in uba yana tsakiyar aikinsa ya kira wannan aikin, invokevirtual, umarnin da ke kiran aikin, wanda ɗan ya sake rubutawa zai nufa, ɗan kuwa ba a kai ga putfield ɗinsa ba, sai ya tarar kudi 0 ne. In rubutu ne null zai tarar, yana kiran wani aiki a kansa kuskuren NullPointerException ya faɗo maka. Wlh ni kwana biyu na taɓa yi ina zargin databes a wani wurin aiki, ashe wannan ne, ga goman ina kallonta a rubuce.

Kar ka gwada da final int fa, kompaila na dasa goman kai tsaye inda ake buƙata sai ka ɗauka ƙarya nake. In dole sai uba ya kira wani aiki, mai da shi private ko final. Ka gaida mamanka.