Amsa Kan Hannun Gwamnati a Tsadar Abinci

Malam, ka tambaya ko matakan gwamnati suna da hannu a tsadar abinci, ko kuwa ƙarancin ruwan sama ne kaɗai. Suna da hannu ƙwarai, kuma abin da ya fi damuna shi ne ba a zama da manoma kafin a ɗauke su. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu noman albasa a fadamar Goronyo suka shiga matsi, domin injin ban-ruwa fetur yake sha. Maƙwabcina ya bar rabin gonarsa ba shuka, ga ruwa a rijiya amma babu halin jawo shi. Rufe iyakar Illela a 2019 ma ya durƙusar da cinikin hatsi da dabbobi tsakaninmu da Birnin Ƙonni.