Amsa ga mai tambaya kan ofishin neman aiki a Rimin Kebe

Assalamu alaikum. Ɗan'uwan da ya tambaya ko akwai ofishin da marar aiki zai kai sunansa a wajejen Rimin Kebe, ni ma na sha wannan yawon, sai dai daga Panshekara.

Unguwanninmu na Ungogo da Kumbotso, jama'a ce ta riga hukuma isowa. Gonaki sun koma filotai, filotai sun koma gidaje, amma manyan ofisoshi suna can cikin garin Kano. Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, wato NDE, wadda aka kafa a 1986 zamanin Babangida, tana da ofishi a kowace jiha, sai dai ka sani ba takardar ɗaukar aiki ake rabawa a can ba. Yawanci sana'a suke koyarwa, su haɗa ka da mai gida a shago ko gareji na wasu watanni. Hukumar ITF mai horar da ma'aikatan masana'antu ma tana irin wannan horon.

Lokacin da na gama difloma, na cika ambulan da kwafin takardu, na hau adaidaita biyu zuwa wani ofishi da ba sai na faɗi sunansa ba. Na zauna a benci har azahar, sannan aka ce an rufe karɓar sunaye tun makon jiya. A bakin ƙofa wani mai babbar riga ya ja ni gefe, wai in kawo na goro ya shigar da ni. Allah ya taimake ni kuɗin mota kawai ya rage min. Ka kiyayi irinsu, rajistar gwamnati ba a sayenta a gindin bishiya.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, zuwa cikin gari a kan jita-jita asara ce. Ka fara leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma, ka gaisa da kansila da mai unguwa, ka riƙa sauraron sanarwa a rediyo. NIN, takardar shaidar ƙaramar hukuma da hotuna su zauna a shirye, don idan aka buɗe rajista ba ta daɗewa.

Ni dai a ƙarshe aikin famfo na koya, kuma abin dariya, aikin yana bayan gidanmu. Duk kangon da ka ga ana ɗora masa kwano, yana jiran mai famfo, mai wayarin da mai tayil. Shekara ta farko ina riƙe wa oga sifana ne kawai, kuɗin abinci ake ba ni. Yanzu yara biyu ke bi na.

In kuma aikin albashi kake so, kamfanonin Sharada, Challawa da Bompai sun fi ɗauka ta hannun wanda ke ciki, galibi a matsayin leburan wucin gadi. Faɗa mana abin da ka karanta, wataƙila a cikinmu akwai mai hanya.